Raba-Juyi da Rage-Rata: Nazarin Wata Na'urar Mota da Matsalar Raɗa Mata Suna

Duk wanda ya saba bin hanyoyin ƙauyukan Zango, a masarautar Daura, ya san yadda mota ke kafewa a rairayi. Taya ɗaya na baya yana ta wulwulawa yana watsa yashi, ɗan'uwansa kuwa yana tsaye cik a kan tsandauri, kamar ba a jikin mota ɗaya suke ba. Direba ya ƙara wuta, ramin ya ƙara zurfi. Wannan maƙala za ta bayyana na'urar da ke haddasa haka da wadda ke maganinsa, sannan ta duba sunan da ya dace da kowacce, domin ba a raɗa wa abu suna mai kyau sai an fahimci aikinsa.

Idan mota ta sha kwana, tayan waje yana cin tafiya fiye da na ciki. A motar da tazarar tayoyinta ta kai mita 1.4, bambancin yakan kusan mita 9 a kewaye guda, komai faɗin da'irar. Saboda haka aka sanya wasu giyoyi a tsakiyar aksil, inda farfela ke kawo juyi daga giyabos, domin kowane taya ya yi gudun da ya dace da shi. Wannan ita ce difaransha. Irinta ce a bayan Peugeot 504, wadda kamfanin PAN da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya yi shekaru yana harhaɗawa, har ta zama abin hawan ƙauye da birni.

Aibin na'urar yana cikin adalcinta. Takan raba ƙarfin murɗa daidai wa daida tsakanin tayoyi biyu, alhali tayan da ke cikin yashi kaɗan yake buƙata kafin ya fara wulwulawa. Wannan kaɗan ɗin shi ne iyakar abin da tayan da ke kan tsandauri zai samu. Wato mai rauni ne ke yanka wa mai ƙarfi rabonsa.

Abin da rairayin Zango ke yi wa a-kori-kura, shi kwana ke yi wa ƙaramar motar tsere marar nauyi. Idan ta shiga kwana da gudu, nauyinta yakan koma kan tayoyin waje, na ciki ya rage riƙon kwalta, ya wulwula a banza daidai lokacin da direba ke son ficewa. Matsalar ta sa a 1935 Ferdinand Porsche ya nemi kamfanin ZF na Jamus ya ƙera wa motocin tseren Auto Union difaransha mai hana taya ɗaya cinye juyin. Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989 da nauyin da bai kai tan ɗaya ba, tana cikin motocin da masu su suka fi yi wa wannan sauyi.

Na'urar iri-iri ce, kuma zaɓin yana da muhimmanci. Akwai mai faifan kuloci a ciki, wadda kan matse tayoyin biyu su yi kusan tafiya tare; tana da riƙo tun kafin a taka totur, amma faifan na cinyewa, kuma tana buƙatar mai na musamman. Akwai mai ruwa mai kauri, wadda ba ta kamawa sai taya ya riga ya fara wulwulawa, ƙarfinta kuma na raguwa da tsufa. Sai Torsen, ƙirar Vernon Gleasman ɗan Amurka, mai aiki da giyoyi zalla. Ita ninkawa take yi: takan bai wa taya mai riƙo ninkin abin da mai rauni ya iya ɗauka. A kwalta wannan ya wadatar, shi ya sa ta dace da motar da ake hawa kullum. Amma idan taya ɗaya ya tashi sama gaba ɗaya, ko sau nawa aka ninka sifili, sifili ne. Sai direba ya ɗan ja birkin hannu kafin ta kama. Dabarar like giyoyin da walda kuwa ba gyara ba ce, domin tayoyi za su riƙa gurzar ƙasa a kowace kwana, ƙarafan aksil su sha wahalar da ba a ƙera su dominta ba.

Hausar makanikai ta fi karkata ga aro: kuloci, giyabos, farfela, boris. Aron "difaransha" ya bi wannan sahu, ba shi da laifi a gareji. A littafin koyarwa ne yake gazawa, don bai gaya wa ɗalibi komai ba. Tsarin harɗaɗɗen suna na aikatau da karɓau, irin na dafa-duka da fasa-ƙwauri, ya ba da mafita: raba-juyi.

Ta biyun ta fi wuya. Sunanta na Ingilishi yana nufin taƙaita zamewa, kuma mai fassara kalma da kalma zai kai ga "hana-santsi". Wannan kuskure ne mai haɗari, domin na'urar ba ta ƙara wa taya riƙo ko kaɗan. Hasali ma, a jiƙaƙƙiyar kwalta tana iya sa tayoyin baya biyu su sulluɓe lokaci guda, gindin mota ya juya da direban da bai ƙware ba. Abin da take ragewa shi ne ratar gudu tsakanin taya da taya, don haka rage-rata ya fi kusa da gaskiyar aikinta. Suna ne mai gaɓa huɗu, wanda bakin direban tashar Zango zai ɗauka ba tare da ya yanke masa komai ba.