Kwanon Rufi Da Bututun Murhu

A yanzu makarantu da yawa sun bar girki bisa duwatsu uku, sun koma ga ginannen murhu mai bututu, wanda ke fid da hayaki ta saman madafa. Abu ne mai kyau ƙwarai, ga rage cin itace, ga hutad da idon masu dahuwa. To, amma in aka zo yin bututun, abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi shi ne ragowar kwanon rufi, a naɗe shi a kafa. A kan wannan nake so in ja kunnenku, domin gobe ku za a tambaya a ƙauye, tun da an ɗauka malami ya san kome.

Shi kwanon rufi baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da wani farin ƙarfe, watau tutiya. Akan narkar da tutiyar har zafinta ya kai wajen digiri 450, sa'an nan a tsoma ƙarfen ciki. Wani Bafaranshe mai suna Sorel ne ya yi rajistar wannan dabara cikin 1837. Aikinta hana tsatsa, watau don ruwan sama aka yi ta, ba don wuta ba.

Ku tuna ruwa yana tafasa a digiri 100. In kwano ya daɗe cikin zafin da ya wuce 200, sai tutiyar ta soma ɓamɓarewa daga jikin ƙarfen. A wajen 420 ta narke, a 907 ta tafasa, amma tun kafin nan, da zarar ƙarfen ya yi ja, ta fara tashi. In ta gamu da iska sai ta zama wani farin hayaki, ta bar gari a jikin bututun, rawaya in da zafi, fari in ya huce. Gindin bututu, inda harshen wuta ke lasa, wuce 200 ba wuya gare shi. In kuwa kunkunniyar da ta taru a ciki ta kama da wuta, zafin kan haura 1,000.

Wanda ya shaƙi wannan hayaki ba nan take zai ji ba, sai bayan kamar awa huɗu zuwa goma. Ya ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, maƙogwaro ya bushe, ga tari, ga rawar ɗari, ga ciwon gaɓoɓi. Yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu ya wartsake. Masu walda sun san shi sarai. Abin da ya dame ni shi ne kamarsa da zazzaɓin cizon sauro, har mai dahuwa ya yi ta shan magani a banza, gobe kuma ya koma gindin murhun nan. Wanda ya ji numfashi na yi masa wuya, ko mai asma, lalle ya ga likita, ya kuma gaya masa abin da ya shaƙa. Zancen a sha madara ta kare mutum kuwa, ba shi da tushe, madara ciki take zuwa, hayaki huhu.

Duk da haka ba na so ku firgita jama'a. Can saman bututu, inda hayaki ya riga ya huce, tutiya ba ta tashi, don haka hular bututu da kwanon da ke tare ruwa a kan rufi ba laifi. A ganina ma babban haɗarin yana zuwa ne daga baya. Tutiya ta ƙone, ƙarfen kuwa ba kauri, sai tsatsa ta huda shi. Ta nan tartsatsi ke fita ya sami azara ko jinka, ta nan kuma iskar nan mai guba ta garwashi, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ke dawowa ɗaki. Ita kam tana kisa. Shi ya sa ban yarda da masu cewa a ƙone kwanon a fili tukuna sa'an nan a kafa ba, an kori tutiya an gayyato tsatsa.

A Amurka, inda ake ɗumama ɗaki da murhun itace, ka'idarsu ta hana haɗa irin wannan murhu da bututu mai tutiya, ta kuma ce bututu mai falle ɗaya ya nisanci katako da inci 18. Mu nan abin ya fi sauƙi, ga ƙasa ga magina. A gina gindin bututun da tubali ko jan bulo, in ba hali a nemi baƙin ƙarfe mai kauri wurin maƙeri. A ƙona busasshen itace, don ɗanye ne ke tara kunkunniya, a kuma share cikin bututun kowane hutu.

In kun je kasuwa kuka ga ƙarfe fari-fari, da zane a jikinsa kamar ɓawon kifi, to, mai tutiya ne, ku bar shi a kan rufi.