Amsoshin Tambayoyinku: Mu Biyar Muke Shiga da Kalmar Sirri Ɗaya

Tambaya: Ni malami ne a wata makaranta mai zaman kanta a Furfuri, ƙaramar hukumar Bungudu. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya haɗa mana kwamfuta guda a ofis, uwar garke, wadda ke riƙe da makin ɗalibai da lissafin kuɗin makaranta. Da zai tafi sai ya rubuta mana sunan shiga, "admin", da kalmar sirri a takarda, kuma da su mu biyar muke shiga har yau. Zangon da ya wuce aka tarar an sauya makin wani yaro a darasin lissafi, kowa ya rantse ba shi ba ne. Yanzu ni aka ɗora wa kula da ita. Ta ina zan fara? In canza kalmar sirrin in riƙe ni kaɗai?

Amsa: Allah ya taya ka riƙo.

Maganar makin yaron, ka cire rai da cewa na'ura za ta fallasa wanda ya yi. Uwar garke tana rubuta duk wanda ya shiga, da ranar, da lokacin, amma da suna take gane mutum, ba da fuska ba. In ka buɗe rajistarta abin da za ka gani shi ne admin ya shiga ƙarfe kaza. Admin kuwa ku biyar ne, shida da wanda ya tafi, ban da duk wanda ya taɓa ɗaga littafin da aka cusa takardar nan a ciki. Ku koma kan takardun jarrabawa ku gyara makin, kada a kama sunan kowa. Ɓarnar kalmar sirri ta tarayya ke nan: mai laifi ya sha, masu gaskiya su kwana da zargi.

Riƙe ta kai kaɗai kuma ba magani ba ne. A shekarar 2008 a birnin San Faransisko na Amurka, wani injiniya mai suna Terry Childs shi kaɗai ya san kalmomin sirrin hanyar sadarwar gwamnatin birnin. Da suka samu saɓani da shugabanninsa sai ya ƙi bayarwa. Aka kama shi, aka yi kwanaki hukuma ba ta da iko da kayanta, sai da magajin gari na lokacin, Gavin Newsom, ya taka har gidan yari ya karɓo. Kai ba za ka yi haka ba, na sani, amma akwai ciwo, akwai tafiya, akwai sauyin wurin aiki.

Abin da za ka tsara abu biyu ne, kada ka cakuɗa su. Na'ura tana tambayar mai shiga: wane ne kai? Sannan ta duba: me aka yarje maka? Amsar ta farko ita ce kowane mutum da asusunsa, da sunansa, da kalmar sirrin da shi ya zaɓa, ko kai ba ka sani ba. Amsar ta biyu kuwa, ka tuna da shago a kasuwar Gusau. Yaron shago yana da makullin ƙofa don shi ke buɗewa da safe, amma makullin aljihun tebur yana wurin maigida, kuma babu mai ɗaukar hakan a matsayin cin fuska.

Ka ɗauki biro da takarda tun kafin ka taɓa kwamfuta. Malamin darasi yana buƙatar shigar da makin darasinsa a ajin da yake koyarwa, shi ke nan. Jami'in jarrabawa ya ga makin kowa, ya kuma rufe su in an gama, ta yadda bayan rufewa ba mai iya taɓawa sai da saninsa. Ma'aji ya ga kuɗi, babu ruwansa da maki. Shugaban makaranta ya karanta komai, amma da wuya ya buƙaci gyara wani abu da hannunsa. Ka ƙirƙiri rukuni ga kowane aiki, ka ba rukunin izini, sannan ka jefa mutane ciki. Ranar da aka sauya jami'in jarrabawa, cire suna ɗaya za ka yi ka sa wani.

A nan ne za ka sha wuya, kuma ba daga na'ura ba. Mai makaranta zai iya cewa, "Ni da makarantata a hana ni shiga wani wuri?" Ka lallaɓa shi. Ka ce, "Ranka ya daɗe, in aka sake taɓa maki, rajista za ta nuna cewa asusunka ba ya ma iya yi." Manya da yawa sukan sauko in sun gane cewa kariya ce gare su.

Kai kanka asusu biyu za ka yi: na aikin yau da kullum, da na admin wanda ba ka shiga sai za ka sa manhaja ko ƙara ma'aikaci, ka gama ka fita. In uwar garkenku Linux ce, babban asusu sunansa root. Kada ka zauna a cikinsa. Ka yi amfani da umarnin sudo, wanda ke ara maka iko na aiki guda ya kuma rubuta sunanka. In Windows ce, ka kashe asusun Guest, ka daina aikin kullum da Administrator. Wani abu kuma: a Linux, in babban fayil ya ƙi buɗuwa, za ka ga masu ba da shawara a intanet suna cewa buga chmod 777. Ma'anarsa kowa ya karanta, kowa ya rubuta, kowa ya goge. Aikin zai tashi nan take, shi ya sa ake son sa, amma ka rushe duk abin da ka tsara.

Ka bi duk na'urar da ke ofishin, har da akwatin wayafai, ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da akwatunan intanet a duniya ta hanyar gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 kacal, irin su admin da 12345. Da su aka kai harin da ya tsayar da Twitter da Netflix na sa'o'i ranar 21 ga Oktoban shekarar. A kalmar sirri, tsawo ya fi ƙawa amfani: kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna sun fi sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa nesa ba kusa ba. Kuma kada ka tilasta wa malamai canzawa duk wata. Tun 2017 hukumar NIST ta Amurka ta janye wannan shawara, don abin da take haifarwa shi ne mutum ya ƙara lamba ɗaya a ƙarshe, ko ya manna takarda a jikin allon kwamfuta.

Asusun admin yana buƙatar shaida ta biyu bayan kalmar sirri, wato lamba shida da ke zuwa ta waya. A nan mutumin Zamfara irinka ya fi kowa sanin abin da zai zaɓa. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba saƙo. Duk wanda shigarsa ta dogara da saƙon tes, ƙofa ta rufe masa. Ka yi amfani da manhaja irin Google Authenticator, wadda ke ƙirƙirar lambar a cikin wayar duk daƙiƙa 30, ko da sabis ko babu. Sharaɗinta ɗaya: agogon waya da na uwar garke su dace. Akwai ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo a cikin kwamfuta wanda ke riƙe agogo in an ɗauke wuta. In ya mutu, kwamfuta za ta tashi da kwanan watan shekarun baya, lambarka ta gaskiya ta ƙi shiga, ka yi ta zargin masu kutse alhali batir ne.

Sai ɗan bautar ƙasar nan. Ba zarginsa nake ba, amma ka duba ko ya bar wa kansa asusu, ko manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa irin AnyDesk ko TeamViewer, ka rufe. A shekarar 2021 ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi ba a kashe ba, kuma ba shi da shaida ta biyu, aka shiga kamfanin bututun mai na Colonial a Amurka, har ya biya kusan dala miliyan 4.4 kuɗin fansa. Ka mai da shi ƙa'ida: ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ranar ake kashe asusunsa. In kuma babu mai buƙatar shiga uwar garken daga gida, kada ka buɗe ta ga intanet sam. Bayanan yara ne a ciki, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyin tsaronsu a kan wanda ya tara su.

Kalmar sirrin babban asusu, da lambobin ko-ta-kwana da tsarin shaida ta biyu zai ba ka, ka rubuta su da hannu, ka sa a ambulan, ka liƙe, kai da shugaban makaranta ku sa hannu a bakin liƙin, a ajiye inda ake ajiye kuɗi. Duk ranar da aka yage ta, a canza kalmar a sake sabuwa.

Kafin ka fara duk wannan, ka kwafe bayanan gaba ɗaya a filash biyu. Ka zaɓi ranar Asabar, ba makon haɗa sakamako ba. Kuma kada ka kashe tsohon admin sai ka shiga da sabon asusunka daga wata kwamfutar ka tabbatar yana iya ƙara mutum da cire shi, tsohon yana buɗe a gefe. Sai ka kira malamai ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zauna ya buga tasa kalmar sirrin, kai kana kallon wani wajen.