Kafin ka ce mata "tu"

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini ka fara neman abokiyar zama ta intanet a can Faransa. Ban ce maka kul ba, zamani riga ne. Amma tun da na tsufa ina koyar da Faransanci, bari in ja kunnenka a kan abu guda, wato kalmar da za ka fara kiran mace da ita.

Ka san Bafaranshe yana da "tu" na sabo, yana da "vous" na girmamawa, kamar yadda mu ma muke ce wa babba "ku". A da, saurayi da budurwa kan daɗe a kan "vous". Bayan boren ɗalibai na watan Mayun 1968 sai "tu" ya bazu a bakin matasa. Da na'urar sadarwa ta Minitel ta zo a shekarun 1980, mutane suka riƙa hira da sunayen aro, kunya ta ragu. Aka kafa dandalin neman masoya na Meetic a 2001, manhajar Tinder ta biyo baya a 2012. Yau sa'o'inka da "Salut" da "tu" suke buɗe zance, ba wanda yake jin an raina shi. Mutanen Kebek ta Kanada ma sun fi Faransawa saurin yin haka.

To, amma kada ka ɗauka kowa haka yake. Wadda ta ɗan manyanta, ko wadda ta rubuta bayanin kanta da "vous", ta riga ta nuna maka ƙofar da za ka yi sallama. Karanta abin da ta rubuta tukuna. In ka yi shakka, fara da "vous". In hira ta yi daɗi, sai ka tambaya: "On se tutoie ?", wato ko mu koma "tu"? Wannan 'yar tambayar neman izini ce, kuma da wuya a ga laifin mai neman izini. Daga "vous" zuwa "tu" gangara ce mai sauƙi, komawa baya kuwa akwai ciwo. In wadda ta saba ce maka "tu" ta wayi gari tana ce maka "vous", ka gane ta ja labule, kada ka matsa mata.

Ka yi hattara da "Mademoiselle", wato kiran budurwa. Tun 2012 gwamnatin Faransa ta cire ta daga takardun hukuma, mata da yawa kuma ba sa son a auna su da aure ko rashinsa. Kira ta da sunan da ta ba ka. Su "ma belle" da "ma chérie" da "bébé" kuwa, kada su fito a saƙon farko. Magana zarar bunu ce. Irin wannan zaƙin bakin na gaggawa shi ne jarin 'yan damfarar soyayya da mutanen Abijan suke kira "brouteurs". Kai ma in aka yi maka shi tun ba a san ka ba, ka riƙe aljihunka.

Kuma don ta ce maka "tu", ba alkawari ta ɗauka ba, al'adar wurin ce kawai. In Allah Ya sa abin ya kai ga gaban iyayenta, ka ɗauko "vous" ɗinka ka riƙe gam, har sai su da bakinsu sun ce ka ajiye. A Faransa akwai surukan da suke kan "vous" har tsufa, kuma ƙauna ba ta ragu ba. Kunyar suruki ba mu kaɗai muka gada ba.

Allah Ya haɗa ka da ta gari. Ka sanar da mu da wuri, mu shirya goro.