Amsoshin Tambayoyinku: Wace ce Lupita Nyong'o?

Wata mai sauraronmu daga Damagaram ta aiko tana son jin tarihin Lupita Nyong'o a harkar fim. To malama, ga amsa.

An haifi Lupita a birnin Meziko a 1983, amma iyayenta 'yan Kenya ne, a Kenya kuma ta girma. Mutanen Afirka da dama sun fara ganinta ne a Shuga, shirin talabijin na 2009 da ke faɗakar da matasa kan cutar ƙanjamau. Daga nan ta tafi Jami'ar Yale a Amurka ta karanci wasan kwaikwayo.

Tauraruwarta ta haska da 12 Years a Slave na 2013, inda ta fito a Patsey, baiwar da ubangidanta ke gana wa azaba a gonar auduga. Ba ita ce jarumar fim ɗin ba, sai dai duk wanda ya kalla ita ce ke tsaya masa a rai. Wannan rawar ce ta ba ta kyautar Oscar a 2014.

Ta kuma fito a Star Wars, da Black Panther a 2018. A ganinmu kuwa, a Us na 2019 ta fi nuna gwaninta, domin rawar mutum biyu ta taka a fim guda.