Gubar dalma ba a Zamfara kaɗai take ba

Da an ambaci gubar dalma, hankalin mutane Zamfara yake tafiya. A shekarar 2010 yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, saboda ana daka duwatsun zinare a tsakar gida, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. A 2015 abin ya maimaita kansa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Mu nan Madobi da Kura da Bunkure noman rani muka sani da ruwan Tiga, shi ya sa da yawa ke ganin ba ruwanmu. Amma ni da nake aikin lafiya a matakin farko, a cikin gidajenmu nake ganin dalmar.

Ranar rigakafi za a kawo jinjiri ɗan sati biyu, idanunsa raɗau da kwalli. In na tambaya, uwar ta ce, "Kakarsa ce ta sa masa, wai don ido ya yi haske." Kwallin dutsen nan mai ƙyalli, yawancinsa dalma ce. Yaro ya murza ido, ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga. Ba na ganin laifin kaka, ƙauna ce ta sa ta, kuma ba a taɓa gaya mata ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne batir. Yanzu batirin sola ya shiga ko'ina, ga na mota da na babur. Idan ya mutu sai a jingine shi a zaure ana jiran ɗan gwangwan, ko a fasa shi da gatari a ƙofar gida, a zubar da ruwansa a ƙasa, a narka dalmar a kasko. Masunta ma da ita suke yi wa raga nauyi. Dalma ba ta ruɓewa. Ƙasar wurin za ta riƙe ta shekara da shekaru, kuma a nan yara ke wasan ƙasa. Akwai kuma tsohon fenti mai ɓarewa, da tukwanen da ake ƙerawa da tarkacen ƙarfe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da ba ya illa, kuma jikin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke zuƙa. Yaron da ke da ƙarancin jini ya fi kwasa. Mace kuwa tana tara ta a ƙashi, idan ta samu juna biyu ta kai ga ɗan tayi.

Mugun halin dalma shi ne shiru. Yaro ya daina cin abinci, ya riƙa kukan ciki, magana ta yi masa jinkiri, a makaranta a ce ba ya ganewa. Idan ta yi yawa sai taune-taune, a ce iska ce ko zazzaɓin cizon sauro. Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da ita. Akwai maganin da ke rage ta, amma ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu.

Iyaye mata, don Allah ku bar sa wa jarirai kwalli, ku wanke hannun yara da sabulu kafin cin abinci, ku yayyafa ruwa kafin shara, ku ba su wake da zogale da kifi. Maigida, in sana'arka batir ce ko fenti, ka canja kaya ka yi wanka kafin ka ɗauki ɗanka. Mataccen batir kuma, ka mayar wa dila yadda yake, kada ka fasa shi a gida.