Fura, Goro da Alƙalami: Shawara Ga Mai Zaman Rubutu

Ɗalibin da ke haɗa kundin kammala karatu a Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da alaramman da ya duƙufa rubuta Alƙur'ani da ka a wani zaure a Bakura, da matar auren da ke tsara labari a wayarta a Maradun bayan yara sun kwanta, duk kukansu ɗaya. A zauna da kyakkyawar niyya, a yi shafi biyu, sai ido ya soma lumshewa, layi ya riƙa hawa kan layi. Da yawanmu mun ɗauka maganin abin shi ne a ƙara goro ko a aiki yaro wajen mai shayi. Ni a ganina, tun kafin a ɗauki alƙalami ake yin ɓarnar: wajen abin da aka ci, da yawansa, da lokacin da aka ci shi.

Gaskiya ne sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin mutum ba, amma tana lashe kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa in yana hutawa. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba. Komai zurfin tunanin da ka yi, ɗan abin da ya ƙaru kan wannan kason kaɗan ne. Wato mai rubutu ba ya bukatar malmalar tuwon wanda ya wuni yana dashen shinkafa. Bukatarsa abinci kaɗan mai shiga jini sannu a hankali. Duk wanda ya taɓa noman rani a ƙarƙashin madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, ya san ruwan da ke bin kwalbati a natse shi ke raya shuka. In aka ɓalle shi gaba ɗaya, sai ya kwantar da dashe, jibi kuma fage ya bushe. Haka sukari yake yi a jini. Burodi fari, lemon kwalba, garin kwaki da sukari, duk suna shiga a guje, ka ji garau na ɗan lokaci, kafin awa biyu hamma ta yi sallama.

Saboda haka da safe, in zaman rubutu ke gabanka, nemi abin da ya haɗa hatsi da wake ko gyaɗa ko ƙwai. Koko da ƙosai da iyayenmu suka saba da shi ya fi shayi da burodi nesa ba kusa ba, muddin ba a mayar da kokon ruwan sukari ba. Kunun gyaɗa ma haka. Ɗumamen tuwo da miyar sure yana riƙe ciki har azahar, amma rabin malmala ya isa. Hoce kuwa, wanda mutanen wasu garuruwa ke mana dariya a kansa, shi ne abokin mai zaman tebur. Dawa ce, ba ya narkewa da gaggawa, ba ya lalacewa da wuri, ba ya ɓata takarda da maiƙo. Ɓalli kaɗan, haɗa da ƙuli-ƙuli, kora da ruwa.

Sai maganar fura, wadda ta fi kowacce sarƙaƙiya, domin ita ce gatanmu kuma ita ce ke kayar da mu. Gero da nono haɗi ne mai kyau ƙwarai. Nonon yana da sinadarin gina jiki da ɗan maiƙo, su kuma suna rage saurin da gero ke zama sukari a jini. To me ya sa kowa ya san furar rana da sa barci? Dalili biyu ne. Na farko yawa. Ba wanda ke dama fura da niyyar ya rage, kwano ake cikawa a shanye, ga sukari an zuba kamar ba da kuɗi aka saya ba. Na biyu, jikin ɗan Adam da kansa yakan yi sanyi tsakanin azahar da la'asar, ko an ci ko ba a ci ba. In nauyin ciki ya haɗu da wannan lokaci, ko wa'adin miƙa aiki gobe ne sai ka gyangyaɗa.

Dabarar ita ce a raba damun gida biyu. Sha rabi bayan azahar, rufe sauran a wuri mai sanyi, ka ƙarasa bayan la'asar. Dama ta da ɗan ruwa-ruwa, kada ta yi kauri har ludayi ya tsaya a ciki. In harshenka ba ya yarda da tsami, jefa dabino biyu maimakon sukari. Kuma kada ka yi faɗa da barcin rana. Ƙailula ta minti 20 ta fi awa biyu da za ka yi kana rubuta abin da gobe za ka soke. Malamai sun daɗe suna karantar da mu hadisin da Tirmizi ya ruwaito kan raba ciki kashi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Ban san wanda wannan koyarwa ta fi yi wa amfani ba kamar mai sana'ar zama.

Wani hanzari kan nonon kansa. Rashin tsaron da ya addabi yankinmu ya tarwatsa rugage da dama, nonon shanu na ainihi ya yi wuya ya yi tsada, har wasu masu sayarwa na ƙara masa auki da madarar gari ko garin ƙwamen kuka. Waɗannan ba guba ba ne. Abin tsoro shi ne ruwan da aka sirka da shi, da ƙanƙarar da aka jefa ciki. Zamfara na cikin jihohin da annobar amai da gudawa ta 2021 ta fi taɓawa. Ka tsayar da mai nono guda wadda ka yarda da tsabtarta, ka tabbatar tana dafa madarar kafin ta kwantar da ita, ka dama da ruwan gidanka.

Abincin rana mai nauyi, irin shinkafa da mai da yaji cike da faranti, ko sakwara, a bar shi sai ranar da ba aiki. In dole ne shinkafar, a haɗa da wake, a rage tudun, a ƙara ganye. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, ɗanwake ɗan daidai, dambu, ko gasasshen kifin dam, ƙarfasa ko tarwaɗa, duk suna ƙosarwa ba tare da sun danne mutum ba. Na taɓa-ka-lashe a gefen tebur kuwa, gyaɗa da aya da dabino sun wadatar, a lokacinsu kuma ga goba da kankana da karas daga lambu. Ranar Talata in ka shiga kasuwar Mafara, sayi na mako ka ƙulla ƙanana-ƙanana, domin in ka ajiye kwanon gaba ɗaya a gabanka, hannu ba ya sanin ya isa. Duba gyaɗar da kyau. Wadda ta yi funfuna ko ta yi ɗaci a baki, tofar da ita, tana ɗauke da dafin da ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe shi.

Kafin ka zargi yunwa, zargi ƙishi. Daga Maris zuwa Mayu zafin nan yakan haura digiri 40, da hunturu kuma iska ke tsotse mutum ba tare da ya ga gumi ba. Ƙarancin ruwa kaɗan ya isa ya kawo ciwon kai da kasala da saurin fushi da jimlar da ta ƙi zama. Ajiye buta ko gora kusa da kai, nesa da takardu da waya, ka riƙa kurɓa kana aiki. Ma'auni mai sauƙi shi ne launin fitsari. In ya yi ja-ja, ruwa ya yi ƙaranci. Zoɓo da kunun aya da jiƙon tsamiya duk suna da kyau in na gida ne da kai ka auna zaƙinsa. Mai shan maganin hawan jini ya sani zoɓo ma yana ɗan sauke jini, kada ya mayar da shi ruwan sha ba tare da ya gaya wa likitansa ba.

Yanzu ga goro. Ba zan ce a daina ba, don na san ba za a ji ba, kuma bai cancanci a yi masa rashin kunya ba. Kakanninmu fatake sun yi watanni a hanyar Gwanja, har Salaga, don su ɗauko shi, kuma tun daga zauren malamai har fadar da makaɗa irin su Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suka yi wasa, ba a raba taro da shi. Amma a san abin da yake yi. Goro ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan. Sinadarin kafin da ke cikinsa, wanda shi ne dai ke cikin shayi da kofi, yana toshe saƙon gajiya ne kada ya isa ƙwaƙwalwa. Gajiyar tana nan tana taruwa, da zarar ya sake ka za ta sauko a dunƙule. Ƙwaya guda babba tana iya kamo kofin kofi a ƙarfi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne agogo. Jiki na ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabin kafin ɗin da aka sha. Wanda ya tauna goro bayan isha'i, ƙarfe ɗaya na dare rabinsa na nan yana yawo a jininsa. Ko ya samu barci ba mai nauyi ba ne, ya tashi asuba a gajiye, ya nemi wani goron, haka za a yi ta zagaye har mako ya ƙare ba babi ɗaya mai kyau. Don haka ɓare shi, ɗauki ɓari guda ka gutsura sau uku ko huɗu a tsawon hantsi. Kada ka ci shi ciki ba komai, yana tayar da ƙwannafi, mai gyambon ciki kuma ya san sauran bayani. Na ƙarshe ya kasance wajen la'asar. In daren ne kaɗai lokacinki, kamar yawancin mata masu rubutu, gara ki kwanta da wuri ki tashi kafin asuba da ki danne ido da goro har ƙarfe biyu. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce miligiram 400 na kafin a yini shi ne iyakar da ba ta da damuwa ga baligi lafiyayye, wato kamar kofi huɗu na kofi, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Lissafin na haɗe ne: goro da shayi da kofi da lemon kwalba mai baƙi duk asusu ɗaya suke shiga. Ana yawan kafa hujja da Balzak, marubucin Faransa da ya shahara da kwana rubutu yana ɗirkar kofi. Masu kafa hujjar ba su cika ƙarawa da cewa yana da shekara 51 ya rasu ba, a 1850.

Shayi ya fi goro sauƙi, kofin shayi guda bai fi rabin ƙarfin kofin kofi ba. Matsalarsa tana hannun mai haɗawa. Tsaya ka kalli yadda cokali ke kai da kawowa tsakanin gwangwanin sukari da kofinka, ga madara mai zaƙi a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce wajen ƙaramin cokali 12 a yini, in an tsaya a 6 ma ya fi. Kwalbar lemo guda takan kai 8. Ba rashin kunya ba ne ka ce, “Malam, cokali ɗaya ya isa, a ƙara mini citta da kanumfari.” Mako biyu harshe zai saba. Shayin Buzaye kuwa, zagayen farkonsa ba wasa ba ne, a lissafa shi da goro. Mata da duk mai ƙarancin jini su bar tazarar awa guda tsakanin abinci da shayi, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga wake da ganye.

Lemon gwangwani da ake tallarsa da sunan ƙara kuzari ba wani sirri a cikinsa, kafin ne da sukari a farashi mai tsada. Ƙwayoyi irin su taramol da ruwan kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, ba su da gurbi a wannan magana. Duk abokin da ya miƙo maka su lokacin jarrabawa da sunan taimako, ka ƙi karɓa.

Da azumi tsarin yakan juye. Lokacin da kai ya fi wasuwa shi ne daga sallar asuba zuwa hantsi, a nan za a sa aiki mai wuya, a bar gyaran rubutu da kwafi zuwa yamma. A sahur a fifita fura ko tuwo da wake ko ƙwai a kan taliya da shayi mai zaƙi, a sha ruwa a rarrabe tun daga buɗa-baki maimakon a ɗura shi a minti biyar na ƙarshe. Wanda ya saba da goro kullum ya fara ragewa tun cikin Sha'aban, in ba haka ba ciwon kai zai cinye masa kwanakin farko.

In ka gyara ci da sha da barci na makonni amma kasalar ta ƙi tafiya, ko kana yawan ƙishi da fitsarin dare, ko jiri na ɗibarka in ka miƙe, to abin ya wuce na kwano da ludayi. Je babban asibitin Talata Mafara ko asibitin da ya fi kusa da kai, a duba zazzaɓin cizon sauro, a auna yawan jini da sukari da hawan jini. Mazauna bakin dam da masu shiga ruwan kwalbati su ce a duba musu har da tsargiya, don ita ma tana shan jini a ɓoye.