Elastogirafi: Yadda Na'urar Sikanin Ke Auna Taurin Ƙullutun Mama, Da Abin Da Launukan Hoton Ke Nufi

Duk mai sayen mangwaro a Babbar Kasuwar Sakkwato ya san cewa ido kaɗai ba ya isa, sai an ɗan latsa da yatsa kafin a san nunanne ne ko ɗanye. Likitoci ma sun daɗe suna amfani da wannan dabara. Idan mace ta je asibiti da ƙullutu a mamanta, likita zai taɓa ya ji: mai laushi ne ko mai tauri, yana zamewa a ƙarƙashin yatsa ko ya kafe wuri ɗaya. Dalili kuwa shi ne, galibin ƙullutun sankara ya fi naman da ke kewaye da shi tauri.

Matsalar yatsa ita ce ba ya kai wa can ciki, ba ya jin ƙullutun da bai kai ƙwayar wake ba, kuma abin da wannan likita ya kira tauri wani na iya kiransa matsakaici. A nan ne fasahar elastogirafi ta shigo. Hanya ce da na'urar sikanin ke auna taurin nama, ta nuna shi da launi ko da lamba a kan allo. Wannan darasi zai bayyana yadda take aiki, da inda take taimakawa, da kuma inda take kuskure. Sanin haka ya zama dole a zamanin da hoton sakamakon asibiti kan isa guruf ɗin WhatsApp na dangi tun kafin likita ya yi bayaninsa.

Sikanin da kowa ya sani

Na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu da ita tana aiki ne da sauti. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Kan na'urar da ake ɗorawa a mama kuwa yana fitar da sautin da ke kaɗawa kimanin sau miliyan 7 zuwa miliyan 15 a daƙiƙa. Sautin na ratsa nama da gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa, ya bugi abin da ke ciki, amsa-kuwwarsa ta dawo. Kwamfutar na'urar sai ta lissafa lokacin da ya ɗauka, ta zana hoton nan mai baƙi da fari.

Wannan hoto na nuna girman ƙullutu, da siffarsa, da gefensa, da ko ruwa ne a ciki ko tsoka. Ga 'yan mata da matan da ba su kai shekara 30 ba, shi ne gwajin hoto na farko, saboda naman mamansu na da kauri, hoton mamogiram ba ya fitowa sosai. Babu kuma hasken eksire a cikinsa, don haka mai ciki ma na iya yi. Abin da hoton baƙi da fari ba ya faɗa shi ne taurin abin da ya gani. Ƙullutu biyu na iya kama da juna a allo, alhali ɗaya kamar awara yake, ɗayan kamar busasshen ƙuli-ƙuli.

Hanya ta farko: latsawa

Jonathan Ophir da abokan aikinsa a Jami'ar Texas da ke Houston a Amurka ne suka raɗa wa fasahar suna a 1991. A 2003 kamfanin Hitachi na Japan ya fitar da na'urar kasuwa da ke nuna hoton taurin nan take.

Dabarar mai sauƙi ce. Mai sikanin zai ɗan danna kan na'urar a hankali ya saki. Na'urar na ɗaukar hoto kafin dannawa da bayanta, sai manhajarta ta gwada biyun. Wurin da ya lotsa sosai mai laushi ne, wurin da ya ƙi lotsawa mai tauri ne. Kamar a ɓoye tsakuwa a cikin malmalar tuwo ne a danna: tuwon zai baje, tsakuwar tana nan yadda take.

A 2006 likitoci a Tsukuba ta ƙasar Japan, ciki har da Ako Itoh da Ei Ueno, suka wallafa ma'aunin maki biyar da har yau ake amfani da shi:

Maki 1: ƙullutun gaba ɗaya mai laushi ne.
Maki 2: yawancinsa laushi, da ɗigo-ɗigon tauri.
Maki 3: gefe laushi, tsakiya tauri.
Maki 4: ƙullutun gaba ɗaya mai tauri ne.
Maki 5: ƙullutun da naman da ke kewaye da shi duk sun yi tauri.

Maki 4 da 5 su ne ke ƙara zargin sankara. Maki 5 na da dalili na musamman: sankara kan sa naman gefenta ya ƙanƙance ya yi tauri, shi ya sa sau da yawa takan fi girma a hoton tauri fiye da yadda take a hoton baƙi da fari. Wasu na'urori kuma na gwada lotsawar ƙullutun da ta kitsen da ke kusa, su ba da lamba guda. Raunin wannan hanya shi ne ta dogara da hannun mai yi, kuma kwatanci take bayarwa, ba ainihin awo ba.

Hanya ta biyu: igiyar motsi

Hanya ta biyu ba ta buƙatar dannawa da hannu. Na'urar ce da kanta ke harba sauti mai ƙarfi na ɗan ƙanƙanin lokaci, ya tunkuɗi naman daga ciki. Wannan tunkuɗa na haifar da wata igiyar motsi da ke bazuwa gefe da gefe, irin wadda ake gani idan an girgiza igiyar guga. Gudunta kaɗan ne, tsakanin mita 1 zuwa 10 a daƙiƙa, kuma tana ƙara sauri gwargwadon taurin naman.

Makaɗin kalangu ya san wannan ƙa'ida ko bai shiga ajin kimiyya ba. Idan ya matse tsarkiyar kalangu a hammatarsa, fatar na ɗamewa, motsi na ratsa ta da sauri, sauti ya ƙara tashi. Haka nama mai tauri yake ga wannan igiya.

Don na'ura ta iya bin igiyar, sai ta riƙa ɗaukar dubban hotuna a daƙiƙa ɗaya, alhali bidiyon waya na yau da kullum hotuna 30 ko 60 ne. Kamfanin SuperSonic Imagine na garin Aix-en-Provence a Faransa ya yi suna da irin wannan fasaha a na'urarsa Aixplorer, kuma yanzu manyan kamfanoni irin su GE, Philips, Siemens, Canon da Mindray duk suna da tasu.

Ana ba da sakamakon da mita a daƙiƙa, ko a mayar da shi kilofaskal. Lissafin a sauƙaƙe shi ne a ninka gudun da kansa, sannan a ninka da 3. Idan igiyar na gudun mita 2 a daƙiƙa, taurin ya kama kilofaskal 12. Idan ta kai mita 5, ya zama 75. Wato ƙaramin ƙari a gudu babban ƙari ne a tauri.

Tarkon launi

A nan ne masu karanta sakamako a waya ke faɗawa rami. A tsarin Hitachi na latsawa, shuɗi ne ke nufin tauri, ja na nufin laushi. A yawancin na'urorin igiyar motsi kuwa abin ya juya: ja ne tauri, shuɗi ne laushi. Wasu na'urorin ma mai aiki da su na iya sauya launukan yadda ya ga dama, kamar yadda ake sauya jigon waya. Saboda haka jan launi a hoto ba shi ne sankara ba, shuɗi kuma ba shi ne lafiya ba. Sandar launi da ke gefen hoton ce ke faɗin ma'anar kowane launi, kuma sau da yawa ita ce ake yankewa idan an ɗauki hoton allo da waya.

Inda take da amfani a asibiti

Likitocin hoto na rubuta rahoton mama da wani tsari na Kwalejin Likitocin Hoto ta Amurka mai suna BI-RADS. Mataki na 1 babu komai, na 2 akwai abu amma marar illa. Mataki na 3 yiwuwar sankara ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba, yawanci ana cewa a dawo bayan wata 6. Mataki na 4A yiwuwar na tsakanin kashi 2 da 10, 4B tsakanin 10 da 50, 4C tsakanin 50 da 95, mataki na 5 kuwa kashi 95 ko fiye. Daga mataki na 4 zuwa sama ana buƙatar biyofsi, wato a ciro ɗan nama da allura a duba shi da madubin ɗakin gwaji. A bugu na biyar na wannan tsari, na 2013, an shigar da tauri a matsayin ƙarin bayani: mai laushi, matsakaici, ko mai tauri.

Babban aikin elastogirafi na kan iyakar mataki na 3 da 4A ne, inda likita ke kokwanto. Wani bincike da Wendie Berg ta jagoranta a cibiyoyin Amurka da Turai, wanda aka wallafa a 2012, ya duba ƙullutu 939. Da hoton baƙi da fari kaɗai, an gane kashi 61 cikin 100 na ƙullutun da ba sankara ba a matsayin marasa illa. Da aka ƙara awon tauri, adadin ya kai kusan kashi 78, ba tare da raguwar kama masu sankarar ba. Ma'ana, mata da dama za su tsira daga allura da kashe kuɗi da zaman zullumi, sannan ƙullutun da ya yi kama da marar illa amma ya fito da tauri a gaggauta yi masa biyofsi.

Inda take kuskure

Ba kowace sankara ce mai tauri ba. Akwai irin da ke cike da majina, akwai wadda ba ta fita daga bututun nono ba tukuna, duka suna iya fitowa da laushi. Haka nan ba kowane tauri ne sankara ba: tabon tiyata, da kitsen da ya mutu bayan buguwa, da tsohon ƙullutu marar illa da ya daskare, duk suna iya yin tauri. Idan mai sikanin ya danna da ƙarfi fiye da kima, naman na ɗamewa kamar fatar kalangun nan, sai lafiyayyen wuri ya fito da tauri. Ƙullutun da ke can ƙasa kusa da ƙirji ma yana da wuyar aunawa. Don haka ƙa'idar likitoci ita ce, idan siffar ƙullutu a hoton baƙi da fari ta nuna zargi mai ƙarfi, laushinsa ba ya hana biyofsi. Madubin ɗakin gwaji ne ke yanke hukunci.

Me wannan ke nufi a Sakkwato?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 ne aka gano suna da sankarar mama a duniya, 670,000 kuma suka rasu. A Najeriya ita ce sankarar da ta fi yawa, inda ƙiyasin 2020 ya nuna sabbin masu ita sama da 28,000. Babbar matsalar ita ce yawancin mata na isa asibiti ne bayan cutar ta yi nisa, an sha jiƙo, an yi shafe-shafe, an ɓoye saboda kunya ko tsoron yanke mama.

A Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka fi sani da UDUTH, yana da sashen hoto, da sashen duba nama a madubi, da cibiyar gashin sankara, kuma marasa lafiya na zuwa masa har daga Kebbi da Zamfara. Akwai kuma Asibitin Ƙwararru da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, inda za a iya fara ganin likita. Elastogirafi ƙari ne a kan na'ura, ba kowace na'urar sikanin ke da shi ba, kuma rashinsa ba dalilin jinkiri ba ne. Sikanin na yau da kullum a hannun ƙwararre, tare da biyofsi idan an buƙata, sun isa a gano cutar. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya sa burin a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti.

Waya fa?

Akwai ƙananan kawunan sikanin da ake jonawa da waya, kamar Philips Lumify da Butterfly iQ, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2017. Kayan aikin ma'aikatan lafiya ne, kuma awon igiyar motsi galibi a manyan na'urori ake samunsa. Ita waya kanta ba ta da abin da ke fitar da irin wannan sauti. Duk manhajar da ke cewa za ta duba mama da kyamara ko da ɗora yatsa a allo yaudara ce.

Amfanin waya na gaskiya a nan shi ne adana cikakken rahoto, ba hoton allo kaɗai ba, da sa ƙararrawar tunatarwa ta ranar komawa asibiti, da rubuta tambayoyi kafin a shiga wurin likita. Tambayoyi uku sun fi muhimmanci: ƙullutun na mataki na nawa ne a BI-RADS, ana buƙatar biyofsi, kuma yaushe za a dawo?

Yawancin ƙullutun da 'yan mata ke samu ba sankara ba ne, galibi wani ƙullutu ne mai santsi da ke zamewa a ƙarƙashin yatsa. Amma ba a tabbatar da haka a gida. Ƙullutun da ba ya ciwo, ko kan mama da ya shige ciki, ko jini daga kan mama, ko fatar da ta koma kamar ɓawon lemo, ko kaluluwa a hammata, duk dalilai ne na zuwa asibiti cikin makon nan. Maza ma kan kamu, ko da yake ba su wuce kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba. Matashin da ya karanta wannan na iya zama shi ne zai raka mahaifiyarsa ko yayarsa asibiti tun ƙullutun bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.